Zaren da Yaya Take Ɗaura wa Anturiyam

Yayata ta shekara ashirin da biyu tana aiki a lambun furanni, cikin wata rumfar leda mai zafi da danshi inda ake renon anturiyam. Shuka ce mai ganye kamar zuciya, wata da fararen jijiyoyi, wata baƙa wuluk mai laushin karammiski. Ni duk ɗaya nake ganinsu. Ranar da na faɗa mata haka, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau ba.

Aikinta haɗa aure. Takan ɗebi garin fure daga wannan da ɗan burushi ta shafa wa waccan, sannan ta ɗaura zare a wuyan furen: ja idan uban mai farar jijiya ne, ruwan ƙasa idan baƙin ne. Uwa ba ta ɓata a wannan sana'a, uba ne abin rigima, domin ɗan ruwa biyu ba ya nuna kamanninsa sai ya yi ganye huɗu ko biyar. Ni tela ce, daga shagona take kwasar zaren, ko na gode ban taɓa ji ba.

Bara idonta ya fara hazo, ta ɓoye wa kowa, har ni da muka sha nono ɗaya. Asiri ya tonu ne a kan tsiro arba'in da aka rubuta wa baƙi zalla, mai lambu har ya yi wa wani alkawarinsu. Da suka girma sai ga farar jijiya ta fito ɓaro-ɓaro a kowane ganye.

Ranar na kai mata zare, na tarar mai lambun yana yi mata magana. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce girma ya zo, gara ta bar rumfar ta koma wajen wanke tukwane, ta ba shi makullin. Raina ya ɓaci har na fara gyara tsayuwa, ta dakatar da ni da hannu. Ba ta yi musu ba, ta ce kuskurenta ne, ja da ruwan ƙasa sun zama ɗaya a idonta.

Sannan ta ce, "Yallaɓai, zare na daina gani, shukar ban manta ta ba. Cire takardun suna daga tukwane goma ka jera mini."

Ya jera su a kan benci. Ta sa na ɗaure mata ido da ɗankwalinta, wai kada a ce ta leƙa. Ganyen ma ba shi ta fara taɓawa ba. Sandar da ke riƙe da shi take murzawa tsakanin yatsu biyu, ta ji ko mulmulalliya ce ko mai gefe-gefe. Daga nan ta hau zuwa inda kunnuwan ganyen suke haɗuwa, ta ji sun rungumi juna ko sun buɗe, sannan ta shafa bayansa. Tana yi tana faɗin suna. 'Yan ruwa biyu kuwa har uwa da uba take kira, shi yana duba takardu yana gyaɗa kai.

A tukunya ta tara ta daɗe. Ta murza, ta shafa, ta sake murzawa.

"Wannan ban san shi ba," ta ce. "Ba ɗan gidan nan ba ne."

Mai lambu ya yi dariya, ya ce jiya ya sayo shi. Amma ya tambaye ta yadda za a yi da zaren, tunda nan ne gizo yake saƙa. Ta ce daga yau ba ruwanta da launi: ƙulli ɗaya uba mai farar jijiya, ƙulli biyu baƙin uba, uku kuwa na baƙon nan idan ya isa aure. Ya ce ta riƙe makullinta.

Ta kulle rumfar da kanta, tana tafe tana taƙama har muka fita daga lambun. Sai da muka kai bakin titi ta tsaya, ta damƙi hannuna.

"Tsallaka da ni, ƙanwata," ta ce. "Wata shida ke nan da kunne nake ƙetare titin nan."