Tatsuniyar da Kaka Ta Yi wa Labulen Baba

Duk wanda ya tashi a layinmu na Aboabo a Kumasi ba ya bukatar kalanda kafin ya san lokacin komawa makarantar kwana ya yi. Hancinsa ne zai gaya masa. Kakata ta wajen uba ita ke soya shito, baƙin yajin nan na mai da busasshen kifi da ɗalibai ke tafiya da shi, su ci da garin rogo in abincin makaranta ya gagare su. Tun da safe iyaye mata ke jera kwalabe a ƙofar ɗakinta, amma sai an yi magariba take ɗora babbar tukunya a murhu, wai rana da wuta ba za su taru a kanta ita kaɗai ba. Shito kuwa ba ya son a ɗaga hannu. Ka daina juyawa kaɗan, ya kama ƙasa, ya yi ɗaci, an yi asarar mai. Shi ya sa Kaka ta ɗaure mu da tatsuniya. Muddin muciya na yawo a tukunya, bakinta na yawo. Muciya ta tsaya, ita ma ta yi tsit, ko da kura ta riga ta buɗe baki za ta haɗiye yarinya.

Yaran gidan haya kan zo su tafi, amma masu juyi na kullum mu biyu ne, ni da Hassan, ɗan'uwana da muka zo duniya tare. Mahaifiyarmu ta rasu muna ƙanana, a hannun Kaka muka tashi. Shi tana ce masa angona, ni kuma Usaina mai bakin tsiya, kuma ban ce ta yi mini ƙarya ba. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta gyara zama ta ce, “Baƙuwa ta tsaya a ƙofa.” Mu ce, “Ta shigo, akwai tabarma.”

Akwai wani abu game da Kaka da sai na faɗa, in ba haka ba sauran zancen ba zai zauna ba. Baba shi ne ɗanta na fari. Daga ƙasar Sakkwato ta zo Kumasi tare da kakanmu mai fataucin goro, ta kuma zo da kunyar ɗan fari cif, ba ta zubar da ko kaɗan a hanya ba. Matan zango da yawa sun bar wannan al'ada, ita ta riƙe. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya durƙusa gaishe ta da safe, tukunya take amsa wa. In abinci ya sauka ta ce, “Usaina, kai wa mutumin ɗakin can.” Shi ma ya saba, sai ya ce, “Ku gaya wa tsohuwa na fita.” Gida ɗaya, tsakar gida ɗaya, amma mu ne wayarsu. A lokacin dariya abin ke ba mu.

Shekarar da za mu gama ƙaramar sakandare aka ce kowa ya zaɓi makarantun da yake so da kwas ɗin da zai karanta, iyaye su zo su sa hannu kafin jarabawa, daga baya kwamfuta ta rarraba mu. Ni ba wanda ya damu da nawa, don a tsakiyar aji nake zaune, ba yabo ba fallasa. Hassan ne matsalar, saboda shi ke ɗaukar na ɗaya. Kuma shi abin da yake so zane ne. Tun yana yaro ba bango, ba bayan littafi, ba murfin kwali da ya tsira daga hannunsa. Yaran da ke zuwa karɓar shito shi ke rubuta musu suna da fenti a jikin akwatin abincinsu na katako. Ranar Asabar yana wajen wani mai yi wa motocin haya na trotro rubutu a baya, yana wanke masa buroshi don a bar shi ya ja harafi ɗaya. Farcensa kullum da launi. Kwas ɗin zane yake so, wanda yara ke kira Bishuwal, wanda kuma duk unguwa ta ɗauka na waɗanda kansu bai ja ba ne.

Baba kuwa likita yake so. Ba don alfahari kaɗai ba, gara in yi masa adalci. Ranar da mahaifiyarmu ta rasu ya wuni tsaye a barandar asibiti, masu fararen riguna na wuce shi suna Turanci, bai sami wanda ya tsaya ya gaya masa abin da ke faruwa ba sai da aka fito da ita a rufe. Tun ranar ya ƙudura sai gidansa ya fitar da mai farar riga.

Hassan ya same shi a shagonsa na tayoyi a Alabar, ina biye. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ni Bishuwal nake so a sa mini.”

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Kai da kake na ɗaya? In ƙare da ɗa mai rubuta wa direbobi wa'azi a bayan mota? Sayans za ka yi. Zanen ba inda zai gudu, ka yi shi da hutu.”

Da muka dawo gida Hassan ya durƙusa gaban Kaka, idonsa jawur. Ya ce, “Kaka, ki yi masa magana. Ke ce uwarsa, ba zai ƙi taki ba.”

Ta daɗe tana ɓare albasa kafin ta ce, “Da wane bakin, angona?” Can kuma ta ce, “Bari dai a yi magariba.”

Washegari ne za a sa hannu. Da yammar nan Kaka ta ja kujerarta daga inda ta saba zama, ta kai ta ɓangaren murhu da ke kusa da ƙofar Baba, duk da hayaƙi can yake bi. Baba na ciki, labule a sake, rediyonsa na ta surutu kamar kullum. Hassan ya karɓi muciya. Kaka ta yi sallamar baƙuwarta da murya mai ƙarfi irin wadda ban san tana da ita ba.

Wai an yi wani mutum da ya daɗe bai haihu ba. Kullum yana zuwa bakin kogi yana kuka, har kogi ya ji tausayinsa ya ba shi ɗa, kyakkyawa, mai hankali. Sharaɗi ɗaya kogin ya sa: kowace yamma a bar yaron ya sauko ya yi wasa a taɓon bakin ruwa. Mutumin ya yarda. Yaro ya girma, ya fi duk yaran gari basira, yana ta gina shanu da dawaki da taɓo har mutane na tsayawa kallo. Amma sai 'yan gari suka fara ce masa ɗan taɓo. Abin ya sosa wa uban rai, don yana son yaron fiye da ransa. Ya sayar da gonarsa, ya gina masa bene a kan tudu, ya ɗinka masa farar riga, ya ce daga yau ƙafar ɗana ba za ta ƙara taɓa laka ba.

Nan rediyon Baba ya mutu. Na lura, amma na ɗauka batir ne.

Kaka ta ci gaba. Wai kowace yamma yaron kan leƙo ta taga yana waƙa, ta kuma rera ta da muryar nan tata mai rawa:

“Baba, rigar tana da kyau,
Baba, benen yana da tsawo,
Amma ƙafata, Baba,
Ƙafata tana kiran ruwa.”

Uban ya ce ƙuruciya ce, zai saba. Yaro bai yi gardama ba, don mai biyayya ne. Ya daina waƙar ma. Uban ya ji daɗi, ya ce ga shi ya saba. Fatar yaron ta fara tsagewa, yana ɓoyewa a cikin riga. Wata safiya uban ya hau da abinci, ya tarar da farar riga a ƙasa, cikinta busasshen yashi.

Muciya ta daɗe da tsayawa a hannun Hassan, kuma a karon farko a rayuwata Kaka ba ta yi shiru ba, sai da ta kai ƙarshe. Shiton ya kama ƙasa, ƙauri ya cika gida, ba ta ko dubi tukunyar ba.

Ni da bakina na ce, “To Kaka, shi kogin me ya hana shi zuwa ya gaya wa mutumin?”

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙi ne. Sannan ta ce, “Ba ya iya hawa tudun, Usaina. Yana daga ƙasa yana ta ƙara, ko Allah zai sa a ji.”

Labule bai motsa ba. Da safe Baba ya sa babbar riga ya bi mu makaranta, ya sa wa Hassan Sayans, wato kimiyya, tun daga saman takardar har ƙasa. Ya juyo ya ce, “Ke fa?” Na ce Ats, kwas ɗin adabi da tarihi. Ya ce, “To.” Nawa zaɓin ke nan gaba ɗayansa.

Hassan ya ci jarabawa yadda aka zata, aka tura shi makarantar kwana mai nisa, ni aka bar ni ta jeka-ka-dawo. Baba ya yi masa sayayya har da abin da ba a ce a sayo ba. Kaka ta cika masa kwalba mafi girma. Hassan ya rubuta sunansa a jikin akwatinsa da ɗan ƙaramin rubutu ba ado, ya ba yaran gida sauran fentin.

Hutun farko ya dawo a rame, ya ce abincin ne. Hutu na biyu na ajiye masa kwalaye masu kyau don zane, bai taɓa su ba. Farcensa fes. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, in Baba ya tambaye shi karatu ya ce, “Lafiya lau, Baba.” Ni da muka kwanta ciki ɗaya na san ba lafiya ba, amma na rasa ta inda zan kama. Sakamakon ƙarshe ya fito bai kai ko kusa da likita ba. Ya sake zaman jarabawar, bai kai ba. Baba bai zage shi ba. Bayan wata sallar layya Hassan ya bi wasu samarin unguwa suka yi arewa, wai za su ƙetare sahara su nemi aiki. Ya kira ni daga Agadas, ya ce in gaida Kaka, in ce angonta zai dawo da mayafi. Ya sake kira sau ɗaya daga gaba. Daga nan ba mu ƙara jin muryarsa ba.

Kaka ta daina soya shito, ta ce hannunta ya gaji. Ba ta cika shekara biyu ba ta rasu.

Yanzu ni malama ce a wata ƙaramar sakandare a Ayigya Zango, kuma duk shekara ni ke zama da iyaye lokacin zaɓen kwas. Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar nan a fili yake: kada ka raba yaro da abin da ke rayar da shi. Na kuma daɗe ina jin haushin Baba, ina cewa a raina mutum ne da aka yi wa magana bai ji ba.

Bara, ina yanke masa farce a tsakar gida, don idonsa ya yi rauni, sai na ji yana wani gunaguni. Na kasa kunne. Waƙar ɗan kogi ce, bai ɓata kalma ɗaya ba.

Na ce, “Baba, ashe ka ji?”

Ya ce, “Ni na kashe rediyon. Na san da ni take.” Sannan ya ce, “Ina zaune bayan labulen nan ina jira ta ce, kai, bar yaron nan ya yi abin da yake so. Sau ɗaya. Wallahi da ta faɗa, da ban sa hannu ba, ban taɓa ƙetare maganarta ba. Da ta gama ba ta faɗa ba, sai na ce wa kaina ai tatsuniya ce, ta yara ce.”

Na ce, “Kai me ya hana ka fito ka tambaye ta?”

Ya ce, “Ban san yadda ake yi ba, Usaina. Ba mu taɓa yi ba.”

Na yi kuka a ranar, irin wanda ban yi ba ko a rasuwar Kaka. Mutum biyu da ke son yaro ɗaya, taku kaɗan tsakaninsu, kowa na jiran ɗaya ya fara. Ban daina son tatsuniya ba, kuma ban raina kunyar Kaka ba, da ita ta san girmama ɗanta. Amma a ofishina ba na yi wa kowa tatsuniya. In na ga yaro ya sunkuyar da kai uba na zaɓa masa, sai in kira uban da sunansa in gaya masa abin da na gani. Wasu su ji, wasu su ce malamar nan ba ta da kunya. Ina amsa sunan.

Baba har yau bai yarda a canza masa layin waya ba, duk da kamfanin ba ya kamawa sosai a ɗakinsa, don lambar nan ita Hassan ya haddace. In ta yi ƙara, ko yana alwala ne, sai ya miƙo mini ita, ya ce, “Duba mini, baƙuwar lamba ce?”