Madugun Gishiri a Tremont

A gidanmu na Tremont babu murhu, don haka jikin hita muke taruwa, ƙarfen nan na ɗumama ɗaki mai yawan tsaki. Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga Damagaram ina shekara bakwai, kuma abin da ya fara ɗaure mata kai a New York shi ne motar gishiri. Duk ranar da dusar ƙanƙara ta sauka, sai ta leƙa taga ta ga ƙatuwar motar hukuma tana ture ƙanƙara ta gaba, tana watsa gishiri a kwalta ta baya.

"Gishiri a ƙasa!" in ji ta. "Ubana wata guda yake yi a kan raƙumi kafin ya kawo shi daga Bilma. Mutanen nan wa ya raine su?"

Ni da ƙanwata Hadiza dariya muke yi. Amma a irin wannan yammaci Baba yana waje da tasi, hanya kuwa sai santsi. Mama ta yi ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Ana idar da Magariba Kaka za ta jawo mu: "Ku matso, ga ta nan ta iso muku." Hadiza ta ce "Okay," ta sha ranƙwashi, sannan ta gyara: "Ta zo mu ji ta."

Tatsuniyar wani ɗan raƙumi ce mai rawar kai a ayarin gishiri. Ya ga tsohon raƙumin madugu yana tafiyar ƙasaita, ya ce wannan tsoho zai sa su shekara a hanya. Ya sha gabansa a guje. Iska ta shafe sawu, gogan ya nutse a rairayi har wuya yana kururuwa. Da ayari ya iso, ta wutsiya aka fizgo shi har ta guntule, shi ya sa har yau wutsiyar raƙumi ba ta kai ta doki ba.

"Mai share maka hanya, ba a wuce shi," in ji Kaka.

Wata rana Baba ya shigo yana kakkaɓe hula. "Inna, bayan motar gishiri na lallaɓo tun daga gada. Passenger sai zagina yake."

"Ya zage ka, ka dawo mana da ƙafarka. Ashe motar nan madugu ce!" Daga ranar ta yafe mata ɓarnar gishiri.

Yanzu ni ma ina tuƙi, kuma in na ga motar nan baya nake ja, ko wa zai danna mini ham. Sai dai na girma kafin na lura cewa tatsuniyar ba ta da tsayayyen tsawo. Wata rana ɗan raƙumi sau ɗaya yake nutsewa, wata rana har sau bakwai. Kaka ba ta taɓa cewa ƙurunƙus ba sai ta ji makullin Baba a ƙofa. Mu muna zaton mu take lallashi, ashe tsohuwa ɗanta take jira.