Dabinon da Ya Kusa Kashe Mini Tsinke

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan ban ce uffan ba a nan. Na ga saƙonninku, kunya ce ta hana ni amsawa.

Ga waɗanda ba su sani ba, ina da wata dabba da ake kira feret, kamar tunku amma ya fi shi siranta. Sunansa Tsinke. Da shi muke aikin korar ɓeraye daga rumbuna da ɗakunan dawaki a wajen garin Pleasant Garden, ni da abokin aikina Malam Awudu, mutumin zangon Kumasi. Tsinke ya shiga rami, ɓeraye su fito, mu tare su.

Ni na sayo shi. A garejina yake kwana, ni nake wanke kejinsa. Amma Malam Awudu zai yi fito sau ɗaya tak, Tsinke ya baro rami ya haye kafaɗarsa. Ni kuwa sai in yi ta kira har makogwarona ya bushe.

Wata rana wata mai gona ta tambaye ni ko ni ne direban Malam Awudu. Na yi dariyar yaƙe.

Kishi nake yi. Da girmana da furfurata, a kan dabbar da ba ta kai tsawon hannuna ba.

Akwai ragowar dabinon azumi a kicin. Na gutsura wa Tsinke kaɗan, ya cinye, ya biyo ni. Sai na mayar da abin kullum, a ɓoye. Matata Hajara ta kama ni sau ɗaya, ta ce, "Baban Ummi, ba ka ce nama kaɗai yake ci ba?" Na ce ɗan kaɗan ne.

Kuma dabarar ta ci. Ya fara fitowa daga rami ya nufo aljihuna, a gaban Malam Awudu. Daɗin da na ji, Allah kaɗai ya sani.

Sati na biyu, ranar Asabar da safe, bai taɓa abincinsa ba. Duk da haka na sa shi a mota. Da muka isa gonar ya kwanta a bakin rami, miyau na dalala, yana yakushin bakinsa da ƙafa, yana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa.

Malam Awudu ya ɗaga shi, ya shafa cikinsa. "Malam Nura, ciki ya yi tauri. Mu tafi wurin likita yanzu-yanzu."

Ko a lokacin, sai da raina ya sosu don shi ya fara ganewa.

A asibitin dabbobi aka ɗebi jininsa, aka ɗauki hoton ciki. Likitar ta ce wani abu ya toshe masa hanji, ta tambayi me yake ci. Na ce abincin feret da kaza. Ta ce, "Ba wani abu? Bai haɗiyi roba ba? Ba kayan zaƙi?"

Malam Awudu na tsaye kusa da ni. Na kalli ƙasa na ce dabino.

Ta ce hanjin feret gajere ne kuma siriri, ba ya narkar da 'ya'yan itace, balle busassu. In ba a yi tiyata a ranar ba, da wuya ya kai gobe. Na sa hannu a takardar ban ma karanta ba.

Awa biyu muna zaune. Ina jiran Malam Awudu ya yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ruwa ya sayo mini.

Kwana biyu Tsinke ya yi ana masa ƙarin ruwa. Aka sallame mu da cikinsa a aske, da ɗinki, da umarni: dafaffiyar kaza ba gishiri, a markaɗe ta, a riƙa ba shi a yatsa duk bayan 'yan awoyi.

Ya ƙi karɓa a hannuna. Sau uku yana kawar da kai. Hajara ta ce, "Ka ajiye girman kai ka kira mutumin nan. Ko sai ya mutu?"

Na kira shi. Ya taso daga unguwarsu, East Greensboro, ya lakato kazar, Tsinke ya lashe yatsan tas. Ni ke riƙe da kwano. Ina hamdala, ina kuma kishi.

Safe da yamma yake zuwa. Rana ta huɗu na daure na ce, "Malam, wai me kake yi masa?"

Ya ce, "Ba komai fa. Kai daga sama kake cafko shi, da sauri, kana so ya so ka yau-yau. Ni ƙasa nake zama, in jira."

Na zauna a simintin gareji. Rana ta shida ya lashi yatsana, sau biyu, ya koma barci.

Yanzu an cire ɗinki, ya fara tsalle-tsallensa, likita ta ce wata mai zuwa zai iya komawa aiki. Har gobe ya fi son Malam Awudu, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce abin ya daina taɓa ni ba.

Masu irin wannan dabba, don Allah: nama ne abincinta, ko abincin da aka yi don ita. Ba dabino, ba zabibi, ba madara, ba burodi. Kada ku sa ta a rumbun da aka zuba maganin ɓera, ku tambayi mai gona tukuna. In ta ƙi cin abinci, ko miyau na zuba, ko ta daina kashi, kada ku jira gobe. Kuma ku faɗa wa likita gaskiya tun tambayar farko.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Hajara, da likitar da ba ta kunyata ni ba. Malam Awudu, na san 'yarka za ta karanta maka wannan. A gabanka bakina ya kasa, to ga shi a gaban jama'a: ka yafe mini.