Ƙugiyar da na tsinta a akwatin Malam

Jama'a, don Allah ku saurare ni yanzu! Jikata ke rubuta min, ban yi boko ba.

Na buɗe akwatin marigayi maigidana, sai ga 'yar ƙugiyar nan mai fisgo kwanson harsashi daga bindiga.

Ƙarshen shekarun saba'in, muna unguwar Rikkos, shi ke gyara wa 'yan sanda ƙananan bindigogi. Yakan saƙala kwanso a ƙugiyar ya girgiza.

Na ce, "Malam, wasa kake?"

Ya yi dariya. "Awo nake, Ladi. In riƙonta ya saki, bindiga ta cije, ɗan wani ba zai koma gida ba."

Yanzu ina tsoron a kama ni da kayan bindiga, amma wallahi ba na iya yar da ita. Ya zan yi?

Ke jikata, ki fara gaya wa ɗana Bala, kafin ki tura wannan kowa ya ji.