Agogon Bangon Falke

Ni fa abin da ya fi ba ni haushi a sana'ar zanen bango ba zafin rana ba ne, ba ciwon wuya a kan tsani ba ne. Mai gida ne. Mutum zai kira ka, abin da yake so yana can cikin kansa, kai kuma wai ka shiga ka ɗauko.

Bangon farko da baba ya sakar mini ni kaɗai, na wani falke ne a nan Matameye, mai kai fatu birnin Damagaram. A bazarar nan baba bayansa ya riƙe, ko miƙewa da ƙyar. Ya ce, "Je ka. Amma ƙofar zauren nan hanyar kasuwa take kallo. In ka ɓata, maginan Kance zai kira, kuma daga ranar mu da aikin garin nan sai dai kallo."

Na je da farar ƙasata da jar ƙasa da ɗan shuni a kasko. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Maigida, dagi za a yi a saman ƙofa, ko takobi?"

Ya ce, "Dagi? Duk mai akuya biyu a garin nan dagi ne a ƙofarsa. Agogo nake so."

Ban taɓa jin sunan ba. Ashe wani abu ne ya gani a ɗakin wani Balaraben Tarabulus da yake sayar wa fatu, wai abin yana nuna lokaci. Duk garin shi kaɗai ya taɓa ganinsa, kuma so yake kowa ya san haka.

Na ce, "Yaya yake?"

"Zagayayye."

"Kamar faifai?"

"Kai, samari, wane irin faifai!" Ya shafa gemu. "To, kamar faifai. Amma na manya. Da tsinke biyu a tsakiya, dogo da gajere, da ƴan zane-zane a gefe."

Aikinmu kuwa ba ya jira. Laka ake yaɓawa da kauri, a fitar da zanen da yatsa da ƴar wuƙa tun tana ɗanya. In ta bushe, shi ke nan, sai dai a kankare a sake. Na yi zagayen, na kwantar da tsinkayen gefe da gefe. Ya fito, ya karkata kai, ya ce gajeren a sama yake. Na kankare, na sake. Washegari ya taso daga masallaci yana ɗaga mini hannu tun daga nesa.

"Tsaya! Na tuna. Dogon ne a ƙasa."

Na kankare. Da na sake, ya ce yanzu sun yi kusa da juna da yawa. A nan na sauko daga tsani, na ce, "Maigida, don Allah, wanne ne daidai?"

Ya ce, "Ai yawo suke yi."

"Yawo?"

"Zagayawa suke, ba sa tsayawa."

"To ni a ina zan tsayar da su?"

"Inda na gan su mana!"

"Ina ka gan su?"

"Ai ba sau ɗaya na shiga ɗakin ba."

Wallahi sai da na ji kaina yana juyawa. Ga kuma ƴan kallo. Wani tsohon wanzami da ke zama a dakalin gidan ya ce shi dai kunkuru yake gani. Mai fura ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Sannu ɗan magina, faifan ya yi kyau, saura ludayi." Falken ya ji, fuskarsa ta canja. Bangon kuma na sha kankara har tubali ya fara leƙowa, ga hadari ya soma haɗuwa a gabas. Ya dube ni, ya ce a hankali, "Ko dai in aika Kance?"

Na koma gida ko tuwo ban iya ci ba. Baba yana kwance a tabarma, ya saurare ni har ƙarshe.

Ya ce, "Shi ya san yadda abin yake?"

Na ce, "Rabi-rabi."

"To kada ka ƙara tambayarsa. Yaushe zai bar gari?"

Ranar da falken ya tafi Dawce sayen fatu, tun da sassafe na hau. Na miƙar da dogon sama, na nufar da gajeren gabas, don ko an yi magana in ce alƙibla yake nunawa. Ciki fari fat, tsinkaye ja, baki shuɗi, sauran bangon na shafe shi da makuba don ruwa. Kafin ya dawo komai ya bushe ƙamas.

Ranar kasuwa ya iso, hanya cike da mutane. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ni kuma ina gefe. Can ya ce a kawo tsani. Ya hau, da babbar rigarsa, ya manna kunne a jikin zanen.

Ya ce, "Na can yana ƙara. Kas, kas, kas."

Na ce, "Maigida, laka ce fa."

"Na san laka ce. Faɗa dai nake yi."

Sai wani mai jaki ya tsaya ya ce, wannan kuma mene ne? Ai kuwa falken bai sauko ba. Daga kan tsanin ya juya ya shiga bayani, yana zagaya yatsa, yana yin ƙarar da bakinsa, mutane suna ta taruwa. Maganar Kance ba ta sake tashi ba.

Ina tattara kaskona, sarkin fawa ya ja ni gefe, yana waige kada a ji. Ya ce shi ma irinsa yake so a ƙofarsa, amma ya fi wannan girma, kuma a yi masa da tsinke uku.

Na ɗauki kaskona. Na ce, "To, ranka ya daɗe. Ranar da za ka yi tafiya sai ka gaya mini."