Tutar da Ban Ɗaga Ba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan. Amma ranar da jirgi ya sauka a kan shanu a gaban idona, wannan da ita za a binne ni.

Lokacin ina aiki a wani ƙaramin filin jirgi a daji, arewa da Garwa, inda manyan masu harkar auduga da Turawa mafarauta ke sauka. Ban yi boko mai nisa ba, aikina ma bai buƙata. Kafin jirgi ya sauka, sai in bi titin saukar tun daga farko har ƙarshe, in kori awaki da jakuna, in kwashe duwatsu. In na ga lafiya, sai in ɗaga farar tuta. Mai rediyo yana hangena ta tagar ɗakinsa, sai ya ce wa matuƙi ya sauko. Shi ke nan.

Da su uku ne a ɗakin rediyon, suna karɓa-karɓa. Da ƙasa ta shiga matsi aka rage ma'aikata, sai aka bar mutum ɗaya. Shef muke ce masa, wato shugaba da Faransanci. Dattijo ne mai haƙuri, a kujerar nan yake cin abinci, a gefenta yake salla. Babur ɗin da nake zagaye da shi ma aka daina ba shi mai, na koma keke.

Ran nan ana zafin bazara, wajen azahar. Shef yana fama da zazzaɓi kwana uku, idonsa jajir.

Na ce, "Shef, ka je gida ka kwanta mana."

Ya ce, "In na tafi, kai za ka yi musu Faransancin?"

Muka yi dariya, na hau kekena.

Ina kaiwa tsakiyar titi sai na hangi garken shanu yana ƙetarewa daga can ƙarshe, za a kai su kasuwar Pitowa. Na taka da ƙarfi ina ihu, tutar tana ɗaure a bayan keke. Makiyayin har yana ɗaga min hannu yana gaisuwa. Sai na ji ƙara a bayana.

A ƙa'ida matuƙi yakan zaga filin sau ɗaya ya duba da idonsa. Wannan ya saba da mu, kuma yana sauri, sai ya taho kai tsaye. Na faɗa cikin ciyawa. Jirgin ya taɓa ƙasa, ya yi ƙoƙarin tashi, ya bugi wani bijimi, ƙafar jirgin ta gaba ta karye, ya ja hancinsa a ƙasa har ya tsaya. Mutum biyar suka fito da ƙafarsu, matuƙin da karyayyen hannu. Allah ya tsare. Bijimin kuma makiyayin ya yanka shi nan take kafin ya zama mushe.

Da na koma ɗakin rediyo na tarar da Shef zaune.

Ya ce, "Wallahi na ga fari ya motsa. Na ɗauka tutar ce."

Farar rigata ce ya gani. Shekara shida kullum tutar na tashi, ido ya saba.

Bayan mako biyu masu bincike suka zo daga Yawunde. Kafin in shiga, Shef ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanena, ka faɗi abin da ka gani kawai." Bai roƙe ni komai ba. Amma na san da 'ya'ya takwas a gidansa, kuma saura shekara biyu ya yi ritaya. In na ce na ɗaga tutar, ni za a kora. In na ce ban ɗaga ba, shi ne.

Babbansu ya tambaye ni ta bakin tafinta, "Ka ɗaga ko ba ka ɗaga ba?"

Na ce, "Ban ɗaga ba. Amma ranka ya daɗe, ku rubuta cewa mutumin nan shi kaɗai yake aikin mutum uku, kuma ba shi da lafiya. Ku rubuta babu mai a babur."

Ina kallon alƙalaminsa. Ya rubuta na farkon, da na shiga sauran sai ya rufe shi ya sa a aljihu.

Takarda ta fito: kuskuren matuƙi da sakacin mai rediyo. Aka sallami Shef. Aka kawo wani, shi ma shi kaɗai. Ban cika shekara ba na ajiye aikin, don kullum na ji ƙarar jirgi sai ranar nan ta dawo min.

Daga baya na haɗu da Shef a unguwar Roumdé Adjia da ke Garwa yana gyaran rediyoyi a wata rumfa. Na so in kauce, ya ƙwala min kira, ya sa aka kawo shayi. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Kai ka yi ƙarya ne? To sha shayinka."

Shi ya sa yau in na ji an ce jirgi ya faɗi, laifin matuƙi ne, ba na musu, wataƙila hakan ne. Amma nakan tambaya: mutum nawa ne a ɗakin rediyo ranar, kuma yaushe rabonsa da hutu? Abin da na koya ke nan. Wanda ya yi kuskuren ƙarshe shi ake rubuta sunansa, wanda ya bar shi shi kaɗai a kujerar kuwa ba a ko tambayarsa.