Ubale Magini da Hanyar Ƙarƙashin Dogo

Ranar Alhamis, goma ga Rajab na shekarar 1348, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ubale magini a Gagarawa, bayan jinyar kwana shida. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma.

Yaya Ubale, ni ne Ɗantsoho maƙwabcinka, da muka yi shekara ashirin katanga ɗaya ta raba mu. Hannunka ne ya ɗora azarar ɗakina, ka kuma ƙi karɓar komai sai ƙwaryar fura.

Bara da aikin layin dogo ya iso, sababbin gidaje suka soma tsirowa arewa da inda za a kafa tasha, rijiya kuwa tana kudu, ga burtali an yanke shi biyu. Mu murna muke yi, ban da kai. Ka taɓa gini a Kano, ka ga jirgi ya taka jaki da mai shi a kan mahaya.

Ka tafi wurin Baturen aikin, tafinta na tsakani. Ka roƙi a ɗaga kwalbatin da za su gina wa ruwan kwari, a faɗaɗa ta, har takarkari ya wuce da kayansa. Ya ce ba shi da leburorin da za su ƙara cikon ƙasa. Ka ce wa tafinta, "Faɗa masa ya kawo ƙarfe da siminti. Ƙasa tamu ce, kawuna ma namu ne." Baturen ya yarda.

Mun yi maka dariya, har da ni. Muka ce jirgin da zai riƙa zuwa jefi-jefi, wa zai gina masa ƙofa? Ka ce gari bin jirgi yake yi, jikokinmu za su ga cinkoso. Ka bi gida gida kana kiran gayya. Ranar farko mutum tara suka fito. Da Manu, ardon rugar gabas, ya zo da mutanensa, kunya ta fito da sauranmu. Kwana goma sha bakwai muna jidar ƙasa da kwanduna.

Ka rayu ka gani da idonka: jirgin kayan aiki yana wucewa sama, mata da tuluna da shanun Manu suna wucewa ƙasa, ba wanda ya ɗaga ƙafa da gudu. Ka zauna a bakin wurin har la'asar kana murmushi.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya sa ka haye siraɗi cikin aminci. Ina yi wa Yaya Sabuwa da 'ya'yanku, Hussaini da Murja, ta'aziyya. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ya kyautata namu zuwan.